Shanghai Noon: Shekarar 1881 a Fim da Kuma a Tarihi

Da yawanmu mun kalli fim ɗin kaboyi na barkwanci mai suna Shanghai Noon, wanda ya fito a shekarar 2000, Jackie Chan da Owen Wilson suka ja ragamarsa. Mun yi dariya, kuma ba mu yi nadamar dariyar ba. Sai dai fim ɗin ya ɗora labarinsa a kan shekara sananniya, 1881, da wurare sanannu. Wanda kuwa ya ambaci shekara da gari ya ba mai sauraro izinin ya bincike shi.

Ga labarin a taƙaice. An yaudari wata gimbiya daga fadar sarkin Sin aka kai ta jihar Nevada ta Amurka, aka nemi fansa da zinariya. Wani dogarin fada, Chon Wang, ya bi sawunta, ya haɗu da wani ɗan fashin jirgin ƙasa mai yawan surutu, Roy O'Bannon, suka zama abokai.

Wasu kurakuran da gangan aka yi su, don raha. Sunan fim ɗin ya ambaci Shanghai, alhali dogarin daga fadar Bejin ya fito. An zaɓi sunan Chon Wang ne don ya yi kama a kunne da John Wayne, tauraron finafinan kaboyi, wanda sai a 1907 aka haife shi. A ƙarshe kuma Roy ya ce sunansa na gaskiya Wyatt Earp. Shi kuwa Earp na tarihi a 1881 yana garin Tombstone na Arizona, inda aka yi musayar wutar nan ta O.K. Corral ranar 26 ga Oktoba. Da aka yi ci gaban fim ɗin a 2003, Shanghai Knights, sai aka watsar da wannan batu kamar ba a taɓa faɗarsa ba, Roy ya ci gaba da zama Roy. A can ma abin ya fi yawa: labarin yana faruwa a Landan a 1887, amma ga yaro wai Charlie Chaplin yana yawo a titi, shekara biyu kafin haihuwarsa. Tsohuwar hanyar malamai ce a auna labari da shekarar haihuwar mutanen cikinsa, kuma a wannan ma'auni fim ɗin ya faɗi warwas. Amma waɗannan ba su cutar da kowa ba, mun bar su a matsayin wasa.

Akwai waɗanda ba mu ɗauke su wasa ba. A kan hanyarsa, Chon ya ceci wani yaro ɗan ƙabilar Sioux daga hannun mayaƙan Crow, har aka ba shi mata. Gabar da ke tsakanin ƙabilun biyu gaskiya ce. To amma ƙasarsu tana can filayen arewa, wajen Dakota da Montana da Wyoming, tafiya mai nisan gaske daga Nevada. Mutanen Nevada na asali su ne Paiute da Shoshone da Washoe, kuma fim ɗin bai san da zamansu ba. Kamar a shirya labari a Agadas ne a cika shi da masuntan bakin teku, a ce ai duk Afirka ce. Sannan a 1881 Sioux ba sa cikin walwalar da aka nuna. Shekara biyar bayan nasararsu a yaƙin Little Bighorn na 1876, yunwa ta tilasta wa jagoransu Sitting Bull dawowa daga Kanada, ya miƙa wuya a watan Yuli na wannan shekara ta 1881.

Sai batun gashi, wanda a nan muke son mu daɗe kaɗan. Tun 1645 sarakunan Manchu suka wajabta wa mazan Sin su aske gaban kai, su bar na ƙeya ya yi tsawo a kitse shi tukku ɗaya. Dogarin fada ba zai kuskura ya saɓa ba. A fim an bar wa Jackie Chan sumarsa ta gaba, aka maƙala masa tukkun a baya. Wataƙila an ji tsoron masu kallo ba za su gane tauraronsu da rabin ƙwalkwal ba. Wannan mai sauƙi ne. Abin dubawa shi ne hannun da ya yanke tukkun. A fim, mugun labarin, Lo Fong, Basine ɗan'uwansa, shi ya yanke shi don ya toshe masa hanyar komawa gida. A tarihi kuwa, hukumar birnin San Francisco ce ta kafa doka a 1876 cewa a aske duk namijin da aka kulle a kurkukun gari, kuma kowa ya san Sinawa aka nufa. Wani Basine, Ho Ah Kow, ya kai ƙara bayan an yanke masa nasa, kotu ta ba shi gaskiya a 1879.

Haka abin yake a sansanin leburori. Fim ɗin ya nuna Sinawa suna aikin hanyar jirgi cikin ƙunci, kuma ya yi daidai da ya zaɓi Carson City, domin garin yana da unguwar Sinawa a wancan zamani. Amma ya mai da ubangidan da ke gallaza musu Basine. Ba mu musa cewa an yi dillalan leburori Sinawa ba. Sai dai masu kamfanin Central Pacific, wanda dubban Sinawa suka fasa masa duwatsun Sierra Nevada, Amurkawa ne irin su Leland Stanford da Charles Crocker. Suna biyan Basine ƙasa da abin da suke biyan Bature. Da Sinawan suka yi yajin aiki a watan Yuni na 1867, Crocker ya datse musu abinci har suka koma bakin aiki. Aka haɗa layin a Promontory ta Utah ranar 10 ga Mayu, 1869. Shekara biyu bayan haka ƴan tarzoma suka kashe Sinawa kusan 20 a Los Angeles a dare ɗaya.

Fim ɗin ya rufe da Chon sanye da lambar ɗan doka a ƙirji, yana kan doki, gari ya karɓe shi. A wannan lokaci dokar Amurka ba ta ba wanda aka haifa a Sin damar zama ɗan ƙasa ba. A ranar 6 ga Mayu, 1882 kuma, shugaba Chester Arthur ya sa hannu a dokar da ta hana leburorin Sin shiga Amurka, kuma ba a soke ta ba sai a 1943.