Maraya, Takobi da Zobe: Tsakanin Siegfried da Harry Potter

Akwai wata raha da masu sha'awar opera ke yi, wato wasan kwaikwayon nan na Turai da ake rera kowace magana a cikinsa tare da makaɗa. Sukan ɗauko Der Ring des Nibelungen, jerin wasanni huɗu da Richard Wagner ya shafe shekara 26 yana tsarawa, wanda aka fara nunawa gaba ɗaya a Bayreuth ta Jamus a 1876, su ajiye shi kusa da littattafai bakwai na Harry Potter da J.K. Rowling ta wallafa daga 1997 zuwa 2007. A ganina rahar tana da tushe, sai dai masu yin ta sun haɗa Harry da wanda ba takwaransa ba.

Kamannin ba su ɓuya. Siegfried, jarumin Ring, maraya ne. Wani wada maƙeri mai suna Mime ya rene shi a daji, ba don ƙauna ba, sai don yaron ya girma ya kashe masa dodo Fafner, shi kuma ya kwashe zinariya. Harry ma maraya ne, a ɗan lungun ƙarƙashin matakala yake kwana a gidan mariƙansa, su Dursley. Siegfried ya sake ƙera karyayyen takobin mahaifinsa, Nothung, ya soke dodon; jinin ya ƙona masa yatsa, ya kai baki, nan take ya fara jin maganar tsuntsu. Harry, mai jin maganar macizai, ya zaro takobin Gryffindor daga cikin hula ya kashe ƙaton maciji. Can akwai kwalkwalin Tarnhelm mai aikin layar zana, nan akwai alkyabbar ɓacewa. Wotan, sarkin alloli mai ido ɗaya, yana riƙe da mashi, Dumbledore, shugaban makarantar su Harry, yana riƙe da sandar da ta fi kowace ƙarfi, kuma kowannensu ya san abin da bai faɗa wa yaron ba. Alberich, ɗan'uwan Mime, ya tsine wa ƙauna kafin ya iya ƙera zoben mulki, Voldemort, maƙiyin Harry, kuwa bai taɓa sanin ta ba. Har zobe la'ananne akwai a littafi na shida, wanda ya ƙone hannun Dumbledore.

Wannan ba ya nuna Rowling ta yi sata. Wagner kansa daga Völsunga saga da Nibelungenlied na ƙarni na 13 ya ɗebo kayansa, kuma maraya mai shan wuya a hannun mariƙi tsohon baƙo ne har a tatsuniyoyinmu. Abin da ke kawo dariyar shi ne tazarar matsayi: aikin da manya ke zama kusan awa 15 suna saurare cikin ladabi, ga shi da ƙashin baya ɗaya da littafin 'yan firamare. Anna Russell ta gano wannan tun 1953, lokacin da aka naɗi wasanta na barkwanci a kan Ring. Ba ta ƙara wani abu mai yawa ba. Labarin ta bayar yadda yake, har da tunatar da jama'a cewa Brünnhilde, matar da Siegfried ya so, gwaggonsa ce, sai zaure ya ɓarke da dariya. Nauyin Wagner a cikin kiɗan yake, a gajerun sautukan da ke komowa duk lokacin da takobi ko zobe ko la'ana ta gitta. Idan aka cire su, tatsuniya ce ke saura, kuma ban ga abin kunya a hakan ba.

Inda kwatancen ya karye shi ne batun tsoro. Siegfried bai san tsoro ba. Mime ya yi ƙoƙarin koya masa ya kasa, sai da ya ga Brünnhilde tana barci a tsakiyar wuta ya fara jin sa. Wannan rashin tsoron tafe yake da rashin fahimta: zoben na hannunsa amma bai damu da abin da yake ɗauke da shi ba, ya sha abin da ya mantar da shi matarsa, daga bisani Hagen, ɗan Alberich, ya soke shi da mashi ta baya. Harry kuwa da tsoro ya girma. A littafi na uku malaminsa Lupin ya lura cewa tsoro shi kansa ne abin da yaron ya fi tsoro, a na bakwai kuma ya shiga daji da ƙafarsa, ya san mutuwa ke jiransa, zuciyarsa na bugawa.

Mutum ɗaya ce a Ring ta yi irin wannan tafiyar. A ƙarshen wasa na huɗu, Götterdämmerung, Brünnhilde ta fahimci duk abin da ya faru, ta zare zoben daga yatsan gawar Siegfried, ta hau dokinta Grane ta faɗa cikin wutar ƙone gawar da gangan, kogin Rhine ya karɓi zinariyarsa da aka ƙera zoben da ita. Ita ce takwarar Harry, kuma masu jera kamannin ba su cika sa sunanta kusa da nasa ba.