Takardun gyare-gyare: yadda aka riƙa bin sawun kurakurai a zamanin intanet ta wayar girke

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, kuma kan wani irin rubutu ne da ba kasafai ake lissafa shi cikin rubutu ba.

A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. A shekarar ce kuma hukumar NCC ta ba kamfanoni lasisin sayar da intanet, har Linkserve ya fara aiki a Legas a 1997. Intanet ɗin wancan lokaci ta wayar girke take bi. Kwamfutarka za ta buga lamba ta modem, ka ji ƙara kamar ta gyare, a ɗaya gefen kuma wata na'ura ta ɗaga kiran, ta tambayi suna da kalmar sirri, sannan ta buɗe maka hanya. Waɗannan na'urorin karɓar kira su ne ƙofar gari. Sanannu a cikinsu akwai PortMaster ta kamfanin Livingston, da MAX ta Ascend, da Total Control ta USRobotics, da AS5300 ta Cisco.

Kowace na'ura tana da manhajar da aka dasa mata a ciki. Ta PortMaster sunanta ComOS. Kamar littafi, manhajar tana da bugu na farko da na biyu, ana ba su lamba: 3.7, 3.8, haka dai. Kowane sabon bugu yana zuwa da takarda mai jera abin da aka ƙara, da kuskuren da aka gyara, da wanda aka sani amma ba a kai ga gyarawa ba tukuna. Wannan sashe na ƙarshe ya fi burge ni. Mawallafi nawa ne a Kano zai buga a bangon littafinsa cewa har yanzu da saura a babi na huɗu?

Shekarar 1997 ce ta sa takardun nan suka zama abin karantawa da idon basira. USRobotics ya fito da tsarinsa na gudun 56k mai suna x2, Rockwell da Lucent suka fito da nasu, K56flex, kuma biyun ba sa jin yaren juna. Mai modem ɗin x2 in ya kira na'urar K56flex, sai gudun ya faɗo zuwa 33.6k ko ƙasa. Sai a 1998 ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta sasanta su da tsari ɗaya, V.90. Ba a zubar da na'urorin ba, manhajar cikinsu aka sauya. Nan fa aiki ya taso. Bugu guda zai warkar da yankewar kira ga modem na wani kamfani, ya jawo ta ga na wani. Injiniya sai ya ajiye takardar tsohon bugu da ta sabo gefe da gefe, ya bi su layi-layi yana neman ko ciwon da ke damun abokan cinikinsa yana cikin jerin. In babu, ya bar na'urarsa yadda take, don gyaran gangar auzinawa ya fi rashin gyara muni. In ya ɗora sabo abu ya ƙi, ya koma tsoho cikin dare kafin mutane su farka.

A Najeriya kuwa akwai ciwon da ba ya cikin kowace takarda: layin NITEL. Kafin 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, kuma yawancinsu suna manyan birane. Gudun 56k yana son layi mai tsabta, tsohuwar wayar tagulla kuwa da ruwa ya taɓa ta sai shuuu. Wanda ke garin da ba kamfanin intanet, kuɗin kiran nesa zai biya kan kowane minti. Saboda haka Anka da Gummi da Bukkuyum kusan tsallake wannan zamani suka yi. MTN da Econet sun fara aiki a Agustan 2001, kuma mafi yawan mutanenmu a tafin hannu suka fara ganin intanet, ba su taɓa jin kukan modem ba. Nauyin abin bai bayyana sosai ba sai a Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau a Oktoba, ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira, ba kuma wayar girken da za a koma wa.

Yawancin kamfanonin su ma ba su daɗe ba. 3Com ya haɗiye USRobotics a 1997, Lucent ya sayi Livingston a shekarar, ya ƙara da Ascend a 1999, daga baya aka daina ƙera PortMaster. Abin da ya rage shi ne RADIUS, tsarin tantance suna da kalmar sirri da Livingston ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1990. Har yau ana aiki da shi a Wi-Fi na jami'o'i da ofisoshi, magajinsa Diameter kuma shi ke tantance layin mai 4G a kasuwar Gummi kafin Facebook ya buɗe masa.