Majalisar Kaduna ta 1979: kujera 99 da gwamna ɗaya

A shirin makon jiya wani Bafulatani daga wajen Ɗan Issa ya kira ya ce shi fa ya san gwamna, ya san shugaban ƙasa, amma ɗan majalisar jiha a Najeriya mene ne aikinsa? Na yi masa alkawarin amsa, kuma ban ga amsar da ta fi labarin majalisar dokokin Kaduna ta 1979 zuwa 1983 ba.

Kada wani ya ce Kaduna ta yi nisa da mu. A wancan lokaci babu jihar Katsina, sai a 1987 aka cire ta. Jibiya, Daura, Mai'aduwa, Kaita, duk jihar Kaduna ne. Wanda ya kora shanu daga Maradi ya tsallaka iyaka, ƙasar Kaduna ya taka, kuma dokar da ta hau kansa daga zauren Lugard Hall ta fito. Mu a nan Nijar lokacin ba mu da majalisa ko ɗaya, tun da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974.

Kafin sojoji su miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, mutanen Kaduna sun yi zaɓe mai ban mamaki. Kujerar gwamna suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, suka kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Amma a majalisa mai kujera 99, NPN ta kwashi 64, PRP ta tsira da 16 kacal, sauran suka rabu tsakanin GNPP da NPP da UPN. Kakakin majalisa ya zama Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa na NPN, mutumin ƙasar Katsina. To ka ji, gida ɗaya maigida biyu.

Balarabe bai ɓata lokaci ba. A kwanakin farko ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Matasan yanzu ba su san mene ne jangali ba, amma ku tambayi tsofaffin ruga. Kuɗi ne a kan kowace saniya, ana karɓa da damina, ta hannun hakimai da dagatai. Masu ƙirga su zo, a raba garke a ɓoye rabi a daji, wani ma ya kwashe dabbobinsa ya tsallaka iyaka sai an gama. In an kama ka, ga tara, ga cin mutunci, ga bajimin da ba zai dawo ba. Soke shi ya faranta wa talaka rai, amma ya taɓa aljihu da ikon masu sarauta, kuma yawancinsu NPN suke so. Da gwamnan ya kafa kwamitin binciken filaye da gonakin da aka ce an ƙwace wa manoma, sai wuta ta ƙara ruruwa.

A nan ne amsar tambayar bawan Allah nan take. Tsarin mulkin 1979 ya ce gwamna ba ya naɗa kwamishina sai majalisa ta amince, ba ya taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta sa hannu a kasafi. NPN ta ce tun da ita ke da rinjaye, a dama da ita a gwamnati. Balarabe ya ce jama'a shi suka zaɓa da manufarsa, ba zai raba ba. Ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ta mayar masa. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Haka ya yi mulkinsa kaf ba kwamishina ko ɗaya. Zama bayan zama, maimakon maganar rijiya da burtali da asibitin dabbobi, ana ta ja-in-ja a kan wa ya fi wani iko.

Sai kuma gidansa ya tsage. A 1980 PRP ta rabu biyu, 'yan taɓo suka tsaya da Malam Aminu, 'yan santsi suka bi gwamnonin biyu. Mai kujera 16 ya rasa ma goyon bayan uwar jam'iyyarsa.

Tsige gwamna yana da matakai a sashe na 170. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi. Kashi biyu cikin uku su yarda a bincika. Kakaki, shi da kansa, ya zaɓo mutum bakwai su yi binciken. In suka ce zargi ya tabbata, kashi biyu cikin uku su sake kaɗa ƙuri'a, shi ke nan. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66, wato kujera biyu kawai NPN ta rasa a ranar zaɓe, kuma ba ta sha wahalar cike su ba. Balarabe ya garzaya kotu, kotu ta ce sashen nan ya ɗaure mata hannu, ba ta da hurumin shiga. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige shi bisa zargin keta tsarin mulki. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya, bai cika shekara biyu ba.

Ni dai a ganina, an shirya hukuncin tun kafin a karanta laifin, don wanda ke ƙara shi ne ya zaɓo alƙalai. Amma shi ma Balarabe, Allah Ya jiƙansa, ya san lissafin kujerun nan tun ranar farko, ya ƙi sassautawa ko da taƙi ɗaya. Wasu na kiran wannan gaskiya da riƙon amana, wasu na cewa taurin kai ne. Har yau in ka tada zancen a kasuwar Jibiya sai an yi musu. Mu ma a nan mun ɗanɗana irinsa a 1995, da shugaba Mahamane Ousmane ya rasa rinjaye a majalisa ya zauna dole da Hama Amadou a matsayin firaminista, har soja suka shigo a Janairun 1996.

Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, shi ma ɗan PRP kuma ɗan ƙasar Katsina, ya hau kujerar. Ya bi majalisa da lallami, ya samu kwamishinoninsa, aka ƙarasa wa'adin ba hayaniya sosai. A zaɓen 1983 Lawal Kaita ya samu abin da ya kuɓuce masa, Ɗanmusa kuma ya wuce Legas ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa. Wata uku suka yi. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka dawo, aka rufe Lugard Hall, kuma a Afrilun 1984 aka rufe iyakar da muke ci da ita.

Abu ɗaya ya canza daga baya. A tsarin mulkin 1999, kakaki ba shi ke zaɓo mutum bakwai ɗin ba, sai dai ya rubuta wa babban alƙalin jiha ya naɗa su.