Saki da Fanshon Soja: Tarihin Rabon Matar Soja daga Bariki zuwa Kadawa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, idan ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga gonakin alkama da tumatir kore shar a lokacin da sauran ƙasa ta bushe. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. 'Yan shekaru kafin nan, Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya kwashi dubban samarin karkara ya sa su cikin kaki. Waɗannan al'amura biyu, watau noman rani na Gwamnati da aikin soja, sun kawo wa karkarar Kano wata irin dukiya da ba a saba da ita ba, wadda ake rubutawa a takarda da sunan mutum guda, maigida. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne: idan auren soja ya mutu, me matarsa take fita da shi daga wannan dukiya, kuma ta yaya aka iso inda ake?

Shari'ar da Turawa Suka Tarar

Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, sun bar wa alƙalai hukuncin aure da saki da gado bisa mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa. A wannan shari'a aure ba ya gama dukiyar miji da ta mata. Sadaki nata ne, kayan ɗaki da iyayenta suka yi mata nata ne, haka ma akuyarta da ribar sana'arta. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuwa a kan miji suke. Idan ya sake ta sakin da ke da kome, zai ci gaba da ciyar da ita har ta gama idda, in kuma ya rasu cikin iddar za ta gaje shi. Da idda ta cika, kowa ya kama gabansa da abin da ya mallaka.

Malaman fiƙihu ba su manta da matar mayaƙi ba. Wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi, matarsa takan kai ƙara, a bincika, ta jira shekara 4, sa'an nan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Wanda ya ɓace a fagen fama tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, shekara 1 ake jira bayan bincike. Idan kuwa mijin ya tafi bai bar abin ciyarwa ba, alƙali yana da ikon raba auren ba sai an jira waɗannan shekaru ba. Ke nan shari'a ta tanadi mafita ga matar da aka bari. Amma dukiyar da ta sani ita ce wadda ido ke gani: gona, da rumbu, da dabba. Ba ta san wani haƙƙi da ake tarawa shekara da shekaru a baitulmalin Gwamnati, a biya bayan tsufa ba.

Hausawa a Bariki

Aikin sojan albashi ya daɗe da Hausawa. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya kafa ƙaramar runduna ta Hausawa a Ikko, a 1897 kuma aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma. Sojan wancan zamani yakan zauna da matarsa a bariki, har aka sami sarautar Magajiya, mai kula da al'amuran matan soja, wadda ba ta ɓace ba har yau. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka tafi da Runduna ta 81 da ta 82 zuwa Bama tsakanin 1943 da 1945, matan suka rage a gida, akan yanki wani abu daga albashin mijin a ba su. A nan ne Gwamnati ta fara zama ta uku a tsakanin miji da mata, domin ita ce mai riƙe da kuɗin, kuma sunan da sojan ya rubuta shi kaɗai ta sani.

Yaƙin Basasa ya faɗaɗa matsalar ƙwarai. Rundunar da ba ta wuce mutum kamar 10,000 ba kafin yaƙi ta kai kimanin 250,000 a ƙarshensa. Bayan 1975 aka shiga rage ta, mutane da yawa suka koma garuruwansu da garatuti ko fansho. A 1979 aka kafa Doka ta 103 ta fanshon soja, tare da Doka ta 102 ta fanshon ma'aikatan Gwamnati. Dokar fansho ta 2004 ta shigar da sojoji cikin tsarin adashen fansho, a 2011 aka fitar da su, Hukumar Fanshon Soja ta ci gaba da biyansu. A duk waɗannan canje-canje, fansho haƙƙin wanda ya sa kaki ne.

Abin da Kadawa Ta Nuna

A Kadawa aka soma gwajin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kadada 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da kewaye, daga baya ya koma hannun Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Gwamnati ta auna gonaki, ta baje su, ta yanka magudanai, ta mayar wa manoma filaye, galibi da sunan magidanta. Amma aikin bai tsaya kan maza ba. Mata sun shiga tsinkar kayan lambu da sussuka da shiƙa, waɗanda ke cikin kulle kuma suna dafa abincin sayarwa ga 'yan ƙodago. Binciken Sam Jackson da aka buga a 1978 ya ba da labarin yajin aikin da mata masu tsinkar wake suka yi a gonar wani kamfanin ƙasar waje a yankin, suna neman ƙarin lada. Wannan ya tabbatar da cewa Bahaushiya ta san ladan da aka damƙa mata a hannu nata ne, kuma takan tsaya a kansa.

Matsalar tana ga guminta da bai zama lada ba. A ɗauka misali, soja ɗan ƙasar Bunkure yana can bakin daga, matarsa ta riƙe gida da yara shekara 25, ta biya 'yan ƙodago da kuɗin sana'arta don kada fegin mijinta ya kwana ba shuka. Ya yi ritaya, ya karɓi garatuti, ya sake ta, ya yi amarya. Idan ya rasu bayan wata 6, amarya ce za ta ci tumunin takaba, uwargida kuwa ba ta da ko anini, sai abin da 'ya'yanta suka gada suka ga dama suka ba ta. Ba a karya wata doka ba, amma kowa ya ji labarin ya san da sauran magana.

Dokar aure ta 1970, wadda ta ba kotu ikon raba dukiya bayan saki, auren rajista kaɗai ta shafa. Auren Musulmi yana gaban kotunan alƙalai, waɗanda aka karɓe daga hannun En'e a 1968, suka zama kotunan Shari'a a Jihar Kano bayan 2000. Har ila yau, akwai ruɗun da ke tattare da makusancin da soja ke rubutawa a takardarsa. Masana shari'a sun sha bayyana cewa rubuta sunan mutum a wannan gurbi bai mai da shi magaji ba, gadon Musulmi sai an raba shi bisa shari'a.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1981, a shari'ar McCarty, cewa kotunan jihohi ba su da ikon raba fanshon soja. Majalisa ba ta yarda ba, a 1982 ta yi doka ta ba su ikon. Idan auren ya kai shekara 10 cikin shekarun aikin mijin, Gwamnati da kanta take aika wa matar rabonta, wanda ba ya wuce rabi. Ingila ma ta fara raba fansho tsakanin masu rabuwa a 2000.

Amma ba sai an je nesa da fiƙihu ba. Akwai mut'a, watau kyautar sallama da miji ke ba matar da ya saka, wadda Malikiyya ta ɗauke ta mustahabbi, Shafi'iyya kuwa wajibi. Masar ta mai da ita doka a 1985, ta ƙayyade aƙalla ciyarwar shekara 2 ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba. A Maroko, ƙasar Malikiyya, wani malami na ƙarni na 16, Ibn Ardun, ya yi fatawa cewa matar karkara da ta yi aikin gona tana da rabo cikin amfanin, ko da yake wasu malaman Fas sun saɓa masa. Dokar iyali ta ƙasar ta 2004 ta yarda ma'aurata su rubuta yarjejeniya a kan dukiyar da za su tara. A Kano ma, a 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya ta da batun kundin dokar iyali, aka yi ta muhawara a kai.

Kammalawa

Tarihi ya nuna shari'ar da aka gada ta kare wa mace abin da ke hannunta, sai dai albashi da fansho da fegin Gwamnati sun ɗauke dukiyar gida sun sa ta inda hannunta ba ya kaiwa. Wannan bai tsaya kan soja ba, ya shafi kowane ma'aikaci mai jiran fansho. Aikin da ke gaban malamai da alƙalai da masu tsara doka shi ne su duba mut'a, da sharuɗɗan da ake iya gindayawa wajen ɗaurin aure, da rubuta bashin da mata ke bin mazansu tun ana zaman lafiya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya sa a dace.