Fashin Jirgin Yamai da Tsoron Jirgin Sama a Ƙasarmu

Duk wanda ya taɓa rakiyar maniyyaci daga Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ya san irin kukan da ake yi a bakin mota da yafe-yafen juna, kai ka ce mai tafiyar ba zai dawo ba. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma shi nake so mu waiwaya, domin mu ga inda ya dace mu ajiye shi.

Kakanninmu da ƙafa suka yi ta zuwa Makka, ta Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, tafiyar shekara da shekaru, wasu kuma can suka zauna ba su komo ba. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, amma sai a shekarun 1950 ne ɗaukar alhazai ta sama ya kankama. Ta wannan hanya mutumin karkararmu ya san jirgi, shi ya sa duk labarin da ya shafi jirgi yakan taɓa zuciyarsa.

Fashin jirgin sama kuwa ya yi ƙamari a duniya ne a ƙarshen shekarun 1960. A watan Satumba na 1970 'yan gwagwarmayar Falasɗinu suka karkatar da jirage uku zuwa hamadar Jordan, suka sauke fasinjoji, sannan suka tarwatsa jiragen a gaban 'yan jarida. A watan Disamba na wannan shekara ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar birnin Hague, wadda ta wajabta hukunta ɗan fashin jirgi ko miƙa shi ga ƙasar da ke nemansa. Daga Janairun 1973 Amurka ta fara binciken kowane fasinja da jakarsa kafin ya hau jirgi. A 1976 abin ya iso Afirka da ƙarfinsa, inda aka kai jirgin Air France filin Entebbe na Uganda a zamanin Idi Amin, har sojojin Isra'ila suka kai farmaki suka kuɓutar da mutanen a farkon watan Yuli.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana tun da wuri. A watan Afrilu na 1967, ana gab da yaƙin basasa, aka tilasta wa wani ƙaramin jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga Benin ya sauka a Enugu. Amma wanda malamanmu suka fi tunawa shi ne na 1993, domin a maƙwabtanmu ya ƙare, kuma mutane sun kwana uku kunnensu na jikin rediyo.

A wannan shekara Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni, wanda kowa ya yarda Cif M.K.O. Abiola ne ke kan gaba a cikinsa, ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan a ƙarshen Agusta. Ƙasa na cikin wannan ruɗani, sai ranar Litinin 25 ga Oktoba jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 ya tashi daga Legas zai tafi Abuja da mutum sama da ɗari. Wasu samari huɗu, Richard Ogunderu, da Kabir Adenuga, da Benneth Oluwadaisi, da Kenny Rasaq-Lawal, 'yan wata ƙungiya mai suna MAD da Jerry Yusuf ke shugabanta, suka miƙe suka ƙwace ikon jirgin. Sun nemi a kai su Frankfurt ta ƙasar Jamus, amma man da aka sha don tafiyar Abuja ba zai kai Turai ba, sai aka sauka a Yamai. Nan suka ba da wa'adin awa 72: a rushe gwamnatin Shonekan a ba Abiola kujerarsa, ko su cinna wa jirgin wuta da fetur ɗin da suka shigo da shi.

Nijar a lokacin tana ƙarƙashin Shugaba Mahamane Ousmane, wanda bai cika shekara da hawa mulki ba. Aka yi ta lallashi, samarin suka saki yawancin fasinjoji, suka riƙe sauran. Da wa'adi ya kusa cika, cikin daren 28 ga Oktoba dakarun Nijar suka afka wa jirgin, suka kama su huɗun, aka rasa ran mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin. Samarin sun shafe shekara tara da 'yan kai a kurkukun Nijar. Buƙatarsu kuwa ba ta biya ba, domin ranar 17 ga Nuwamba Janar Sani Abacha ya ture Shonekan ya hau, Abiola kuma ya rasu a tsare a 1998.

Abin lura a nan shi ne yadda suka shiga. Ba su fasa katanga ba, ba su harbi mai gadi ba. Ta ƙofar da kowa ke bi suka wuce da fetur da bindigar wasan yara, kamar yadda suka bayyana daga baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mai binciken kaya ya buɗe jaka ya duba da kyau a safiyar nan, da labarin ya ƙare a Legas.

Bayan shekara uku duniya ta ga abin da ka iya faruwa idan ɗan fashi ya ƙi jin maganar matuƙi. Ranar 23 ga Nuwamba 1996 wasu mutum uku suka ƙwace jirgin Habasha da ya taso daga Addis Ababa, wanda Legas na cikin zangonsa, suka dage sai Ostireliya. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 cikin 175 suka mutu. Harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka shi ya sa aka ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa ana kulle ta, kuma tun daga nan fashin jirgi ya ragu ƙwarai.

To amma jama'a, idan muka ƙirga gawarwakinmu, za mu ga ba ɗan fashi ne ya fi yi mana ɓarna ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na ranar Alhamis 11 ga Yuli 1991, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, tun ba a ƙirƙiro Zamfara ba. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don jigilar alhazai, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da fasinja 247 da ma'aikata 14. Bincike ya nuna tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka, amma aka ƙi jinkirta tashi don a gyara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Matuƙin ya juyo zai sauka, bai kai ba. Duka mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Haka kuma jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja cikin hadari ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa, ba wanda ya yi fashinsa.

Idan aka jera labarin Yamai da na Jidda, za a tarar tushensu ɗaya ne. A nan jaka ce ba a buɗe ba, a can taya ce ba a hura ba. Ƙaramin aiki ne da wani ma'aikaci ya sani sarai, aka bar shi saboda gaggawa ko ganin ido. Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addininmu bai ce a saki raƙumi ba ɗauri a ce an dogara ga Allah ba.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Da yawa daga cikin waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yau manya ne, wasu a ma'aikatun gwamnati, wasu a siyasa, wasu a kasuwa. Mun sha ganin babban mutum a filin jirgi yana ɗaure fuska don an ce ya cire agogo, ko yaransa suna neman a wuce da jakunkunansa ba bincike, ko ana yi wa ma'aikaci tsawa don jirgi ya makara ana duba inji. Wanda ya yi haka yana koya wa ma'aikacin ne cewa mai babbar riga ba a taɓa shi, kuma gobe mai mugun nufi babbar riga zai sa. Mu da muke zaune a ofis kuma, takardar kwangilar jigilar alhazai ko ta gyaran kayan aiki da ta biyo ta teburinmu, rayukan iyayenmu ne a cikinta.

Ba na cewa a daina jin faɗuwar gaba idan jirgi ya ɗaga, wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce. Sai dai mu mutanen Adabka, da muka ga shekarun da satar mutane ta mayar da tafiya a hanyoyinmu abin fargaba, mun san cewa sau da yawa awannin da ke tsakanin gida da filin jirgi sun fi awannin sama hatsari. Tsoron da zai amfane mu shi ne wanda zai sa mu tsaya a layi, mu buɗe jaka da hannunmu, mu yi haƙuri da mai gyara har ya gama, mu kuma koya wa ƙannenmu da ke makaranta cewa aikin da aka ba mutum amana ce ko da duba taya ne.

Allah ya kiyaye matafiyanmu a sama da ƙasa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya tamu. Amin.