Hawan Dutse a Lokacin Kaka: Waiwaye Kan Tarihin Mahuta da Ƙasar Fakai

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da wani ɗanmu da ke aiki a Abuja ya yi mana sa'ad da ya zo ganin gida. Ya nuna mana hotuna a wayarsa, shi da abokansa sanye da takalman tafiya, kowa da gorar ruwa da sanda, sun hau ɗaya daga cikin duwatsun da suka kewaye birnin. Ya ce ƙungiya gare su, kuma da zarar damina ta ja baya sukan fita kowace Asabar. Sannan ya tambaya, "Baba, me ya sa mu a gida ba mu da irin wannan?" Muka yi murmushi, amma tambayar ta kwana a ranmu, domin ta nuna cewa an haifi yara a zuriyarmu waɗanda ba su san cewa kakanninsu a kan dutse aka haife su ba, a kan dutse kuma aka rufe su. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Don haka muka ga ya dace mu ɗan waiwaya, mu ga yadda hawan dutse a lokacin kaka ya kasance a ƙasarmu, tun daga zamanin da ake yin sa don tsira da rai har zuwa yau da muke jin tsoron yin sa.

Dutse mafakar kakanni

Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, tana kan hanyar da ta taso daga Koko zuwa Dabai, kuma Fakai ɗaya ce daga cikin sarautu biyar da suka haɗu suka zama Masarautar Zuru, wato Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Duk wanda ya bi wannan hanya zai ga duwatsu a warwatse hagu da dama, gonakin dawa suna shimfiɗe a gindinsu. A idon matafiyi ado ne kawai. A wurin Fakkawa da Gelawa da Kelawa da Bangawa da 'yan'uwanmu Lelna kuwa, waɗanda Hausawa suka haɗa mu da suna ɗaya suka kira mu Dakarkari, waɗannan duwatsu su ne ganuwa, su ne kuma gida. Akwai ruwayar da ke cewa sunan ya samo asali ne daga dakaru, wato mayaƙan ƙasa na Kanta Sarkin Kabi a ƙarni na 16. Ko ma yaya ne, sunan ya dace da mutanen da ƙafa ce abin hawansu.

A shekarar 1857 aka kafa ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta farko a birnin Landan, ta masu hali da ke zuwa tsaunukan Alps don nishaɗi da neman suna. Shekara 7 bayan haka, a 1864, Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa garin Kontagora a kudu da mu. Daga lokacinsa har zuwa zamanin ɗansa Ibrahim, mahaya dawaki suka riƙa kai hare-hare a garuruwan wannan yanki suna kama bayi. Ke nan a daidai lokacin da Bature yake hawan dutse don jin daɗi, kakanninmu suna hawan nasu ne don kada a sayar da 'ya'yansu a kasuwa.

Hikimar abin ba ɓoyayya ba ce. Doki sarki ne a fili, amma a kan fā da tsakanin manyan duwatsu ba ya da wani kataɓus. Mutum guda da kwari da baka, in ya sami maƙoƙon hanya, zai iya tsare mahaya da yawa. Shi ya sa aka gina gidaje da rumbuna a bisa, aka jera duwatsu aka toshe wuraren da hawa ke da sauƙi, aka bar gonaki a ƙasa.

A nan ne kaka ta shigo cikin labarin. Mahara ba su cika fitowa da damina ba, saboda koguna sun cika, ciyawa ta rufe hanya, ƙasa kuma ta yi taɓo. Sukan jira sai ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, dawa ta nuna. Saboda haka lokacin da manomi ya fi murna shi ne lokacin da ya fi fargaba. Dole a girbe da gaggawa, a ɗaure dammuna, a ɗora a ka, a hau da su sama kafin a hango ƙurar dawaki. Maza da mata da yara masu tasowa, kowa da gwargwadon ƙarfinsa, sawu bayan sawu daga asuba har faɗuwar rana, alhali an ajiye masu gani-nesa a ƙololuwa da ƙaho a hannu. Wannan shi ne hawan dutsen kaka na asali a ƙasarmu.

Golmo, ƙungiyar samarin da

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da tsari, kuma tsarin da ƙasar Zuru ta shahara da shi shi ne golmo. Saurayin da ke neman aure yakan shiga ƙungiyar tsararrakinsa, su riƙa yi wa surukan kowannensu noma bi da bi, har tsawon shekara 7. Ƙungiyar tana da shugaba, tana da doka, tana da horo ga malalaci da mai makara. Ba a jin yaron golmo ya ce ya gaji a gaban 'yan'uwansa. Idan kaka ta yi, su ne kan gaba wajen girbi da dakon dammuna, su ne kuma ke shiga daji yankan gamba da ciyawar jinka.

Bayan rumbu ya cika sai a shiga abin da za mu iya kira rabon jiki. Akan saka wa daji wuta a fita farauta ƙauye guda, da karnuka da sanduna da baka, a zagaye dutse a koro abin da ke cikinsa: gada da zomo da gyazbi, fakara da zabon daji, da rema mai ɓuya a tsaguwar duwatsu. Yara suna biye suna cika aljihu da magarya da kanya. Da yamma a yi kokawa a dandali, wadda ƙasar Zuru ta yi suna a kanta. Sai kuma bikin Uhola na Lelna, wanda ake yi bayan an gama tattara amfanin gona don godiya, a kuma yaye samarin da suka cika shekarunsu na golmo. Wanda ya duba da kyau zai ga duk abin da ƙungiyar ɗanmu ta Abuja take nema, wato motsa jini da zumunci da sanin daji, yana cikin wannan tsari, har da ƙarin abin da ba ta da shi: a ƙarshensa akwai cikakken rumbu da amarya.

Wannan horo ne ya sa Turawan mulki suka ƙwallafa rai a kan samarin ƙasar Zuru wajen ɗaukar soja. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945, cikin dazuzzuka da tsaunukan Arakan, inda mota ba ta shiga, sai dai a ɗauki kaya a ka. Mun tarar da tsofaffin sojojin da suka dawo daga can, kuma abin da suka sha gaya mana shi ne, wanda ya taɓa hawa da damin dawa a ka, akwatin harsashi ba zai ba shi tsoro ba. Wannan gado bai yanke ba, domin daga ƙasar Zuru aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Mai Martaba Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a 2025.

Saukowa

A 1901 sojojin Ingila suka ci Kontagora, a 1903 kuma suka shiga Sakkwato. Da harin bayi ya ƙare, dalilin zama a bisa ya fara raguwa. Su ma Turawa ba su son talakawan da sai an yi hawa kafin a ƙidaya su a karɓi haraji, don haka suka riƙa matsa wa mutane su sauko. Amma ba a rana ɗaya aka sauko ba. Gida-gida aka riƙa yi, cikin shekaru masu yawa, samari a gaba, tsofaffi suna turjiya. Abin da ya fi umarnin Bature ƙarfi shi ne wahalar ɗebo ruwa da ke kan mata, da kusancin gona, da kasuwa, da hanyar mota. Garuruwan bakin hanya irin Mahuta suka cika suka batse, na kan dutse suka zama kufai.

Duk da haka dangantaka ba ta yanke ba. Kaburburan iyaye suna can, wuraren da ake girmamawa suna can. Idan kaka ta zagayo, dattawan gida sukan hau su share makwantan magabata, su kai nunan fari. Da Musulunci da Kiristanci suka yaɗu, da yawa daga cikin waɗannan al'adu sun kau, amma farautar kaka da yankan ciyawa sun ci gaba da kai ƙafar samari can sama, kuma ta haka sunan kowane dutse da kowane kogo da kowace maɓuɓɓuga ya ci gaba da rayuwa a bakin mutane.

Zamanin makaranta

Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai a shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun zo da wani sabon salo. An koya mana cewa labarin ƙasa da tarihi ba a allo kaɗai suke ba. Akwai kuma tasirin 'yan Sikawut da na Man O' War, wadda ta samo asali a 1951 a gaɓar tekun Kamaru, daga baya aka san ta da sansaninta na duwatsun Shere kusa da Jos. Saboda haka, idan zangon farko ya kusa ƙarewa, dawa ta shiga rumbu, ciyawa ta ƙone macizai sun ragu, hunturu ya fara busawa, mukan nemi izinin mai gari, mu roƙi wani dattijo ya yi mana jagora, mu kwashi 'yan aji 5 da 6 mu hau kufai.

Abin da yara suke gani can ya fi darasin wata guda. Ga da'irar duwatsu inda ɗaki ya taɓa tsayawa, ga duwatsun da aka girka rumbu a kansu don gudun gara, ga ramukan niƙa da hannun mata ya sassaƙa a jikin fā har suka yi santsi, ga tsingaro birjik. Ba za mu manta da wata shekara ba, da wani yaro ya tsinci ɗan dutsen niƙa ya jefa a jakarsa. Jagoranmu ya tsaya cak, ya ce, "Malam, a ce wa yaron nan ya mayar. Nan ɗakin kakata yake." Ya nuna mana inda ƙofa take, da inda ake ɗaure akuya, da hanyar da kakar tasa ta gudu da goyo ranar da aka busa ƙaho. Yara 40 suka yi tsit, irin shirun da ba mu taɓa samu a aji ba. Lalle gani ya kori ji.

Halin da ake ciki

Yau wannan hawa ya kusa zama labari. Dajin da ya ɓoye kakanninmu daga mahara shi ne 'yan bindiga suka mai da maɓoya. A watan Yuni na 2021 aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. A watan Nuwamba na 2025, a tsakiyar kaka, aka kwashe 'yan mata daga makarantarsu a Maga, cikin Danko-Wasagu. Babu shugaban makarantar da zai iya tara 'ya'yan mutane ya nufi daji da su a irin wannan yanayi, ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Manomi ya koma girbi da gaggawa yana waige-waige, kamar yadda kakansa ya yi shekara 150 da suka wuce, sai dai shi ba ya da dutsen da zai hau.

Akwai kuma hasarar da ba a jin ƙararta. Dattawan da suka san wane kufai na wane gida ne suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Harshen ut-Ma'in da ake magana da shi a ƙasar Fakai yana ja da baya a bakin yara, kuma sunayen duwatsunmu a cikinsa suke. Tukwanen ƙasa masu siffar mutane da dabbobi da matan Lelna suka gina aka ɗora kan kaburburan manyan mutane, da dama sun bar ƙasar nan, ana ganin su a gidajen tarihi da shagunan 'yan kasuwa a Turai da Amurka.

Kammalawa

Ba mu ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Amma akwai abin da za a iya yi tun yanzu. Duk wanda ya zo hutun ƙarshen shekara, ya zauna da dattijon gidansu, ya kunna wayarsa, ya tambaye shi daga wane dutse muka sauko, mene ne sunansa a harshenmu, wa aka rufe a can. A tattara waɗannan a hannun ƙungiya, a nemi haɗin kan fada da na malaman Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, a adana. Sannan duk shekarar da hakimai da jami'an tsaro suka tabbatar da lafiyar hanya, 'ya'yanmu masu takalman tafiya su zo da su gida bayan girbi, su sa dattijo a gaba, su hau dutsen da ya fi kusa da gari, kada kuma kowa ya sauko da ko tsingaro guda. Ɗanmu na Abuja ya yi alkawarin zai zo da abokansa. Mun ce masa ya yi sauri, domin mutumin da zai nuna masa ɗakin kakarsa ya haura shekara 80.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya maimaita mana kaka cikin wadata.