Chauffeur: Tarihin Direban Attajirai a Turai da Amurka

Chauffeur, wanda ake furtawa kamar “shofa”, tsohon suna ne da Turawan Ingila da Amurka ke kiran direban da ake biya albashi don ya tuƙa motar ubangidansa. Asalin kalmar Faransanci ce, kuma tun kafin a ƙera mota ana amfani da ita ga ma'aikacin da ke zuba kwal a tukunyar jirgin ƙasa ko ta jirgin ruwa, wato mai hura wuta. A ƙarshen ƙarni na 18 ma da wannan suna aka san wasu 'yan fashin ƙauyukan Faransa, saboda sukan gasa tafin ƙafar maigida a murhu har sai ya faɗi inda ya ɓoye dukiyarsa.

Sunan ya koma kan mai tuƙi ne domin motocin farko sai da wuta suke tashi. Waɗanda kamfanonin De Dion-Bouton da Serpollet suka ƙera a shekarun 1880 da tururi suke tafiya, dole a kunna wuta a ƙarƙashin tukunya a jira ruwa ya tafasa. Hatta injinan fetur na farko, irin na Daimler, suna da wani siririn bututu da ake gasawa har ya yi ja kafin man ya kama. Da yake Faransa ce kan gaba a harkar mota a lokacin, sai kalmominta suka bi motocinta zuwa Ingila a ƙarshen shekarun 1890. Da farko duk wanda ya riƙe sitiyari haka ake kiransa, ko da shi ne mai motar. Bayan shekara ta 1900 kaɗan ma'anar ta tsaya a kan direban da aka ɗauka aiki.

Aikin ba na kowa ba ne. Direban wancan zamani bakanike ne kafin ya zama matuƙi. Da hannu yake murza injin ta wani ƙarfe da ke gaban mota, kuma idan ƙarfen ya juyo baya yana iya karya masa hannu. Shi ne mai facin taya a gefen hanya, shi ne mai zuba mai da giris, shi ne mai kunna fitilun gaba da ashana in magariba ta yi. A irin motar da ake kira limuzin, maigida da iyalinsa na zaune a rufe cikin gilashi, direba kuwa yana gaba a fili, ruwa da ƙura da sanyi duk a kansa. Daga nan aka samo doguwar kwat da safar hannu ta fata da tabarau da hula mai baki, kayan da daga baya suka zama alamar aikin.

Wannan ilimi ya ba direba matsayin da mai keken doki bai taɓa samu ba. Attajiri ya san doki tun yana yaro, amma bai san abin da ke cikin injin ba, don haka abin da direba ya faɗa shi ke nan. A Amurka, a shekarun farko na ƙarni na 20, mujallun mota sun cika da koken masu motoci: direbobi na karɓar la'ada a wurin masu gareji a kan kowane gyara, suna kuma fita yawon dare da motar ba da izini ba. Marubuci George Bernard Shaw ya hango wannan sauyi, inda a wasansa Man and Superman na 1903 ya sa wani direba, Henry Straker, wanda ya fi ubangidansa sanin inda zamani ya dosa.

Hukumomi sun shigo da lasisi. 'Yan sandan Paris sun wajabta takardar shaidar iya tuƙi a 1893, Birtaniya ta yi dokarta a 1903, jihar New York kuma ta sa wa direbobin albashi lasisi na musamman a 1910. Amma sauƙin da mota ta yi ya fi doka rage wa aikin daraja. Ford ya fito da Model T a 1908, mota mai araha da mai ita zai tuƙa da kansa, sannan a 1912 Cadillac ta zo da sitatar lantarki ta Charles Kettering. Gareji suka yawaita, gyara ya koma hannun makanikai, direba ya koma sahun barorin gida, mai buɗe ƙofa da jiran maigida. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koya wa ɗimbin matasa tuƙi, bayansa kuma gidajen da ke iya riƙe barori suka ragu ƙwarai.

A Ingilishin yau ba a cika jin kalmar ba sai a kan direbobin shugabanni da manyan 'yan kasuwa da motocin hayar biki. A Faransanci kuwa ba ta tsufa ba, da ita ake kiran direban tasi da na bas da na babbar mota, har a Nijar da Chadi da Kamaru. Rashanci da Turkanci su ma sun are ta da wannan faffaɗar ma'ana.